Murar tsuntsaye za ta iya zama annoba irin korona?

Malam, ka ce kaji na ta mutuwa a gidan maƙwabcinka, kana fargabar kada cutar ta tsallako kan mutane ta zama irin korona.

Ƙwayar cutar mura nau'in A, wadda murar tsuntsaye ke cikin danginta, tana da guntayen kayan gadon halitta guda 8. Idan ta tsuntsu da ta mutum suka haɗu a jikin dabba ɗaya, kamar alade, sukan yi musayar guntayen, sai a samu sabon iri wanda jikinmu bai san shi ba. Haka murar H1N1 da ta zama annoba a duniya a 2009 ta samo asali. Ita kuwa H5N1, wani nau'in murar tsuntsaye da aka fara gani a Afirka a wata gonar kaji a jihar Kaduna a 2006, tana kama wanda ya yi mu'amala da tsuntsu mai cutar, amma har yanzu ba ta yaɗuwa cikin sauƙi tsakanin mutane. Shigarta shanun madara a Amurka a 2024 ne ya ƙara sa masana sa mata ido.

Kuskuren da na fi gani shi ne da kaza ta fara layi, fuka-fukai a sake, sai a yi maza a yanka kafin ta zama mushe, yara su fige ta da hannu. Nan haɗarin yake. Wasu kuma su jiƙa musu kafso a ruwa, alhali ba ya kashe wannan ƙwayar.

A kira likitan dabbobi ya ɗauki samfur. Wanda ya taɓa kajin, in zazzaɓi, tari ko jan ido ya biyo baya cikin kwana 10, ya je asibiti ya faɗa musu ya taɓa matattun kaji.