Amsa ga Hajiya kan liyafar ma'aikata da dokar harajin Birtaniya

Wa alaikumus salam Hajiya, barka da ƙoƙari. Kin ce kina da ƙaramin kamfanin share-share mai rajista a Manchester, ma'aikata shida, kina son haɗa musu liyafa bayan Babbar Sallah da kuɗin kamfani, kuma an ce miki gwamnati na ba kowane ma'aikaci fam 150. Na daɗe ina riƙe wa ƙananan kamfanoni littafin lissafi a ƙasar nan, bari in faɗa miki yadda abin yake.

E, kamfani zai iya biya. Amma babu wani kuɗi da gwamnati za ta ba ki. Abin da dokar ta ce, a sashe na 264 na dokar harajin albashi ta 2003, shi ne idan kamfani ya yi wa ma'aikatansa liyafar shekara, hukumar haraji ta HMRC ba za ta ɗauke ta a matsayin wani alheri da za a caji ma'aikaci haraji a kansa ba, muddin kuɗin kowane kai bai wuce fam 150 ba. Tun 2003 adadin yake nan bai motsa ba, duk da tsadar da abinci da ɗakin taro suka yi. A ganina ya kamata a ce an ƙara shi tuni, amma da shi za mu yi aiki.

Dokar ba ta ce sai Kirsimeti ba, don haka Sallah ta shiga, shan ruwa na azumi ma ya shiga. Sharaɗin shi ne ya zama abin da ake yi duk shekara, kuma a gayyaci dukkan ma'aikata. Ba dole kowa ya zo ba, amma dole kowa ya samu gayyata, har da masu aikin rabin lokaci da waɗanda ba Musulmi ba. Idan kika zaɓi na hannun damanki uku kika bar sauran, rangwamen ya tafi. Haka nan walimar da aka yi sau ɗaya, kamar ta murnar samun babbar kwangila, ba ta cikin wannan.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne lissafin 150 ɗin. Iyaka ce, kamar layin kan iyakar ƙasa: taku ɗaya kika ƙetare, kin fita gaba ɗaya. Idan kuɗin kowane kai ya kai fam 151, ba fam ɗayan da ya hau za a caja ba, duka 151 ɗin ne. Kuma komai ake haɗawa: abinci, abin sha, hayar ɗaki, mai ɗaukar hoto, tasi da ta mayar da mutane gida, otal idan an kwana, da harajin sayayya na VAT da ke kan rasit, ko da kamfaninki zai karɓo shi daga baya. Sai a raba jimlar da yawan mutanen da suka halarta, har da baƙi irin mata ko mazajen ma'aikata.

Ga misali. Ɗaki fam 400, shinkafa da nama da lemo fam 900, tasi fam 200, jimla fam 1,500. Kin shirya wa mutum 12, wato fam 125 kowane kai, lafiya lau. Ranar liyafa uku suka yi waya, wannan yaro ba lafiya, wancan an kira shi aikin dare. Saura tara. Raba 1,500 gida tara, kin haura fam 166. Mai abinci ba zai rage miki ko kwabo ba, kulolin sun riga sun iso, amma kin fita daga rangwame. Na ga irin wannan da idona a wani kamfani, mai shi yana riƙe da takardar sunaye yana ƙirga kujerun da babu kowa a kansu. Shi ya sa nake ba mutanena shawara su tsaya wajen fam 110 zuwa 120 a shirinsu, don a bar wa masu fashi wuri.

Kuma fam 150 ɗin na shekarar haraji ce gaba ɗaya, daga 6 ga Afrilu zuwa 5 ga Afrilun baɗi, ba na kowace liyafa ba. Ki lura da yadda Sallolin suke faɗowa: Babbar Sallar Yunin 2025 da Ƙaramar Sallar Maris 2026 duk shekarar haraji ɗaya ce. Idan kin yi liyafa biyu, ɗaya fam 110 ɗaya fam 60, jimla 170 ta wuce. A nan doka ta yi sauƙi, za ki sa ta 110 a cikin rangwame, ta 60 kuma a biya mata haraji.

Idan aka haura, sai a rubuta wa kowane ma'aikaci kasonsa, da na baƙon da ya zo da shi, a fom ɗin P11D, wanda ake sanar da HMRC alherin da ma'aikaci ya samu, zuwa 6 ga Yuli bayan ƙarewar shekarar haraji, shi ya biya haraji, kamfani kuma ya biya inshorar ƙasa ta kashi 15 cikin ɗari, yadda take tun Afrilun 2025. Ni dai ba na son wannan hanyar ko kaɗan. Ki gayyaci mai share ofis cin abinci, bayan watanni ya ga an zabtare masa albashi saboda loma, ai babu daɗi. Gara kamfani ya yi yarjejeniya da HMRC, wadda ake kira PSA, ya ɗauke nauyin harajin duka. Ana nemanta zuwa 5 ga Yuli, a biya zuwa 22 ga Oktoba. Ta fi tsada, amma ta fi mutunci.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar mu. Mun san halinmu, liyafa ba ta tsayawa a kan waɗanda aka gayyata. Ƙawa ta ji, maƙwabciya ta ji, yaya ya taho da iyalinsa. Ma'aikata shida, mahalarta arba'in. Lissafin kowane kai zai yi ƙasa sosai, gaskiya ne, amma wannan ta tashi daga liyafar ma'aikata ta koma walimar gida, kuma kuɗin da aka kashe wa mutanen waje ba a cire shi daga ribar da ake biya wa harajin kamfani. Haka kwastomomi: ciyar da su ba laifi ba ne, sai dai ba a samun ragin haraji a kansa. Ki duba kuma ko shidan nan duk suna kan tsarin albashi na PAYE, wanda kamfani ke cire haraji kafin ya biya ma'aikaci. A harkar share-share da yawa masu zaman kansu ne da ke kawo takardar neman biya, su kuwa a idon doka baƙi ne, ba ma'aikata ba.

Batun VAT, idan kamfaninki ya yi rajistarsa, za ki karɓo kason ma'aikata, ban da na baƙi. Idan daraktoci ne kawai suka ci, babu abin karɓowa.

Kada ki raba kuɗi a ambulan a madadin liyafa, wannan albashi ne kai tsaye, da harajinsa. Idan goron Sallah kike son bayarwa, akwai wata ƙofa daban tun 2016: kyautar da ba ta wuce fam 50 ba, ba tsabar kuɗi ba, ba ladan aiki ba, kamar kwandon kayan abinci ko katin sayayya na shago. Ke da kike darakta, naki ba zai wuce fam 300 a shekara ba.

Ki biya komai da katin kamfani, rasit ya fito da sunan kamfani. Ki adana saƙon gayyatar da kika tura wa kowa, ko na WhatsApp ne, ki ɗauki hotonsa. A bakin ƙofa a ajiye takarda kowa ya rubuta sunansa, a nuna wane ne ma'aikaci wane ne baƙo, ki haɗa su wuri ɗaya ki ajiye shekara shida. Kafin ki ba mai ɗakin taro kafin alƙalami, ki tura wa akantanki farashin da yawan mutanen ya duba. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya kai mu Sallah lafiya.