Amsa Ga Kawu: Tsuntsayen Tsakar Gida A Kumasi Da Hatsin Da Suke Zaɓa

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan an kammala girbi lafiya, ga amsar tambayar da ka aiko mini, cewa ka ji mu mutanen Kumasi muna sayen gero da kuɗinmu muna zuba wa tsuntsaye, alhali ku a can yara kan wuni a gona suna kaɗa gwangwani don korar su. Abin da ka ji gaskiya ne, ko da yake ba kowane gida ake yi ba, kuma ba don gero ya yi mana yawa muke yi ba. A unguwanninmu na zango, irin su Aboabo da Asawase da Sawaba, za ka tarar da tsofaffi mata da maza waɗanda da zarar an fito sallar asuba sai sun watsa hatsi cikin tafin hannu a kan faifai ko tsohon tire kafin su nemi abin karin kumallo.

Tushen bambancinmu da ku yana ga ƙasar da muke zaune a cikinta. Kumasi kurmi ce, ana samun damina biyu a shekara, babba daga wajen Maris ko Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma daga Satumba zuwa Nuwamba, saboda haka abin da ƙasar Tonawa, wato mutanen Asante, take bayarwa shi ne ayaba da rogo da gwaza da masara da goro, gero kuwa ba ya son irin wannan laima. Kakanninmu ma fataucin goro ne ya kawo su, ba noma ba, kuma da yawansu sun gangaro ne bayan kasuwar Salaga, babbar kasuwar goro da ke arewacin Ghana, ta durƙushe, tun daga 1874 da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi har zuwa basasar Salaga ta 1892. Duk geron da muke damawa a koko ko mu kirɓa fura da shi, a mota yake zuwa daga arewa, daga wajen Bawku da Bolgatanga da Tamale, a auna mana shi da olonka, wato gwangwanin awo irin mudu, a kasuwa. Mutumin da bai shuka gero ba ba shi da zangarniyar da zai tsare, kuma jan baki, wanda kan sauka a gonakinku kamar hadari har hukuma ta tura jirgi ya yi feshi, tsuntsun fili ne da ba ya shigowa kurmi. Mu da tsuntsu babu gaba a tsakaninmu, shi ya sa muka samu sukunin kallon sa.

Dalili na biyu kai ma ka san shi, wato sadaka. Ya tabbata a hadisi cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, sannan tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, to an rubuta masa sadaka. Manomi irinka yana samun wannan lada ko ya so ko bai so ba, domin duk tsaronsa sai tsuntsu ya ɗebi rabonsa. Mu da muke zaune a gidajen haya masu daɓen siminti, hanyar da ta rage mana ita ce faifai.

Abin da ya fi jan hankalina, kuma shi nake so in daɗe a kansa, shi ne cewa tsuntsayen nan ba sa cin duk abin da aka zuba, kowanne yana da zaɓinsa, kuma girman baki ne yake yanke hukunci. Mafi yawan baƙinmu wasu 'yan mitsi-mitsi ne masu baƙin kai da farin ciki da bayan ƙasa-ƙasa, waɗanda nauyin ɗaya bai fi kimanin giram 10 ba, sukan zo gungu-gungu su jeru a kan igiyar shanya kafin ɗaya ya yi ƙarfin hali ya fara sauka. Idan ka haɗa acca da tsakin gero da gero ɗungurungum da dawa a faifai guda, acca suke fara tsincewa, sannan tsakin gero, sannan gero, dawa kuwa ba sa taɓa ta sai dai su watsar da ita ƙasa da baki don su kai ga abin da ke ƙarƙashi. Shinkafa shanshera ma suna son ta, abin da ya sa masu noman shinkafa a fadamun bayan gari ba sa ganin su da irin idon da muke ganin su da shi. Akwai kuma wasu masu jan baki da kumatu ruwan lemo, waɗanda suka fi zama kusa da ciyawa da bakin rafi, su ko gero ɗungurungum ya yi musu girma, sai acca da garin tsaki.

Gwara ba ta da irin wannan tsirfa, domin bakinta ya fi kauri, tana cin gero da karyayyar shinkafa da tsakin masara har da ragowar tuwo. Marai ya fi ta ƙarfin baki, shi ne mai fasa dawa, kuma idan ya sauka sai ƙananan su ja gefe su jira. Kurciya kuwa ba ta fasa komai, haɗiyewa take yi, saboda haka dawa da masara da ƙananan suka zubar ita take bi a ƙasa tana kwashewa. Mafi fitina a cikinsu shi ne namijin zalaidu a lokacin damina, lokacin da ya yi dogon wutsiya da ado na fari da baƙi, domin yakan mai da wurin hatsi mallakarsa, ya yi ta kai wa kowa sura har da kurciyar da ta ninka shi girma sau da yawa. Baiwar Allah da asisi, waɗanda kuka saba gani a gindin turmi a can gida, sai mutum ya hau arewa wajen Tamale yake ganin su da yawa, kuma tsofaffinmu da aka haifa a ƙasar Hausa sukan ambace su da kewa.

Idan mutum ya zauna kusa ya zuba ido, zai ga cewa ƙaramin tsuntsu ba ya haɗiye ƙwaya da ɓawonta. Yakan ɗauke ta, ya juya ta da harshe a gefen baki, ya murje ɓawon ya faɗi, sannan ya haɗiye tsabar, kuma duk wannan kafin ƙiftawar ido. Wannan ne yake ruɗin wanda bai saba ba idan ya zuba shanshera ko accar da ba a surfa ba, domin da rana zai ga faifai cike ya ɗauka ba a ci ba, alhali ƙaiƙayi ne kawai ya rage. Matan gida sun san maganin wannan, sukan ɗaga faifan su hura ko su bakace, abin da ya tsaya shi ne hatsi. Wajen shan ruwa ma akwai bambanci, gwara takan ɗiba ta ɗaga kai sama ruwan ya gangara, kurciya kuwa takan tsoma baki ta zuƙa ba tare da ta ɗago ba, don haka kasko mai faɗi marar zurfi ya fi dacewa da su duka, kuma ƙananan sukan yi wanka a ciki.

Cin nasu ma yana bin lokaci. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya iso har nan kurmi ciyawa ta bushe, faifai ba ya kai hantsi da komai a kansa, kuma a lokacin ruwa ya fi hatsi jawo su. Da damina ta kankama ciyawa ta fitar da kai, sai su rage zuwa, domin ɗanyen irin ciyawa ya fi musu hatsinmu daɗi, za ka ga ɗaya ya hau kara ya lanƙwasa shi har ƙasa 'yan'uwansa suna tsinta. Ranar da shinge ya tashi bayan ruwan farko kuwa, gwara da marai ba sa ko kallon gero, saboda ƙwari suke kai wa 'ya'yansu a sheƙa.

Laimar nan ita ce babbar damuwarmu, kuma a nan ne nake ganin wasu cikinmu suna cutar da tsuntsaye da kyakkyawar niyya. Hatsin da ruwa ya taɓa a Kumasi yakan yi funfuna cikin kwana kaɗan, kuma funfunar masara da gyaɗa tana ɗauke da gubar da ake kira aflatoksin, wadda take lalata hanta. An gano wannan guba ne bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin ƙuli-ƙulin gyaɗa mai funfuna, kuma abin da ya kashe talotalo ba zai bar tsuntsu mai giram 10 ba. Ban yarda da mai ɗebo ruɓaɓɓiyar masarar da shi ba zai ci ba ya zuba wa tsuntsaye ya kira ta sadaka ba. Haka nan dusar da masu koko suke tacewa, tana da kyau ga kaji da awaki idan an ba su nan take, amma idan ta kwana a faifai sai ta yi tsami ta tara ƙudaje. Ƙa'idar da gidajen da suka san abin suke bi ita ce a zuba kaɗan da safe, gwargwadon abin da zai ƙare kafin azahar, a wanke tire da kasko a shanya su a rana. Wannan kuma yana hana rigima da maƙwabta, domin a gidan da iyali goma suke tarayya a tsakar gida ɗaya, hatsin da ya kwana ɓeraye yake gayyatowa.

'Yan'uwanmu na zango da suka tafi Ingila da Jamus da Amurka sukan ba mu labarin cewa can ciyar da tsuntsayen lambu sana'a ce babba, da shaguna da buhunan iri daban-daban da wasu dogayen kwalabe masu ƙananan huda da ake ratayewa a bishiya. Tsuntsayensu ba namu ba ne, kuma sun fi son iri mai maiƙo saboda sanyi. A Ingila akwai wani mai jar fuska da ratsin rawaya a fiffike, bakinsa siriri ne mai tsini, shi ya fi son wani baƙin iri ƙanƙane da ake nomawa a Habasha da Indiya, da kuma ɓararren irin furen nan mai bin rana. A Amurka kuma jar dawar da ake cika buhuna masu araha da ita, ƙananan tsuntsaye zubar da ita suke yi su bar wa kurciyoyi, daidai da abin da muke gani a nan. Su ma sun ɗanɗana illar tara tsuntsaye a wuri ɗaya ba tsafta, domin daga 2005 wata cutar maƙogwaro, wadda masu kiwon tattabaru suka daɗe da sani, ta bazu a wuraren ciyarwa na Ingila ta rage yawan wani koren tsuntsun lambunsu ƙwarai. Saboda yawan masu kiwon tattabaru a zangonmu, shawarar da nake ba kowa ita ce kada a haɗa kaskon ruwan tattabaru da na tsuntsayen waje.

Kai kuwa, Kawu, ba zan ce ka zuba wa tsuntsaye gero ba alhali zangarniya tana tsaye a gona, domin hakan kiran ɓarna ne ga kanka da maƙwabtanka. Amma idan rani ya yi nisa, an ɗaure dammuna an rufe rumbu, tsakin da yake fita wajen surfe da bakace ya ishe su, ba sai an taɓa tsaba ba. A ajiye shi a inuwa, nesa da rumbu da inda kyanwa take laɓewa, a sa kaskon ruwa kusa da shi, a kuma gargaɗi yara masu danƙo. Baiwar Allah da asisi a ƙasa suka fi son ci, don haka su kada a ɗora musu faifan a kan katanga, a share fili kawai a watsa musu.