Me Ya Sa Kofunan Azurfa na Tsohuwar Sin Suke Kama da na Farisa?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani kofin azurfa na zamanin daular Tang mai kusurwa takwas da mariƙi kamar zobe. Ni dai a idona ƙirar Farisa ce. Shigo da shi aka yi, ko Sinawa ne suka ƙera?

Amsa: Idonka bai ruɗe ka ba. Tun fil azal gwanintar Sinawa a zubin tagulla take: a narka ƙarfe, a zuba a mazubin yumɓu. Bugun azurfa da guduma har ta yi fale-fale, a tayar da zane ta baya, wannan sana'ar maƙeran Farisa ce da na Sogdiya, wato yankin Samarkand da Bukhara. Fataken Sogdiya ne suka bi Hanyar Siliki da irin waɗannan kaya. A kabarin Li Xian, wani janar da ya rasu a 569, an tono butar azurfa mai ruwan zinare ɗauke da hotunan mutanen tatsuniyoyin Girka, a can Guyuan da ke arewa maso yammacin Sin.

A zamanin Tang (618 zuwa 907) abin ya bunƙasa. Daular Sasaniyawa, wadda ke mulkin Farisa, ta faɗi a 651, har yarima Firuz ya nemi mafaka a fadar Sin, kuma babban birni Chang'an ya cika da baƙi. A 1970 aka gano wata taska da aka binne a ƙauyen Hejiacun da ke Xi'an, wato Chang'an ta dā, kaya fiye da 1,000, ciki har da kofuna irin wanda ka gani. Mariƙin nan na zobe, mai ɗan faifai a sama inda babban yatsa ke zama, salon Sogdiya ne tsantsa, haka ma ƙananan ɗigo-ɗigon da ake cike bayan zane da su, waɗanda Sinawa ke kira ƙwan kifi. Sai dai da yawansu a cikin Sin aka ƙera su.

Abin da ya fi burge ni a taskar shi ne wata buta mai siffar salkar makiyayan arewa, amma ta azurfa, an tayar mata da doki mai rawa riƙe da kofi a baki, irin dawakan da ake horarwa don bikin haihuwar sarki Xuanzong. Siffa ta baƙi, labari na gida.

Don haka ka dubi adon jikin kofin naka da kyau. In ka ga furen bado, agwagi biyu-biyu ko matan fada, kusan tabbas hannun Basine ne.