Za mu kai ɗan shekara 2 bakin teku: robar hurawa ta isa kariya?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mun shirya hutun kwana 4 a bakin teku, ni da maigida da ƙannensa biyu da ɗanmu mai shekara 2 da wata 3. Tun da aka sa rana barci ya ƙaurace mini, don yaron ba ya zama wuri ɗaya. Na saya masa robar nan da ake hurawa a zura a damtse. Maigida ya ce in kwantar da hankalina, mu huɗu ne manya, ko ya faɗa ruwa ai za mu ji ihunsa. Hakan ya isa? Yaya kuma zan yi da zafin rana?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Fargabarki tana kan hanya, amma ba ta kai a fasa tafiya ba.

Batun rana mai sauƙi ne. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ya zauna a inuwa, wasan ruwa a bar shi da hantsi ko da la'asar. Ki shafa masa man kariya mai lamba SPF 30 ko sama, minti 20 kafin fita, ki maimaita duk awa 2 da duk lokacin da ya fito daga ruwa. Baƙar fata ma tana ƙonewa, kada wani ya ce miki ba ya buƙata. A sa masa hula mai faɗi da takalmi, domin rairayin tsakar rana yana ƙona tafin ƙafa. A riƙa ba shi ruwa ba sai ya nema ba. In ya yi awa 6 zuwa 8 bai yi fitsari ba, ga leɓe a bushe, ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Yanzu maganar maigida. Wannan "ai za mu ji shi" magana ce da ba ta da tushe ko kaɗan. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu. Ihu sai da numfashi, shi kuwa bakinsa yana ɓullowa ne na ɗan daƙiƙa ya koma, ko jan iska bai gama ba balle ya kira mama. Da ruwa ya taɓa maƙogwaro, ƙofar iska takan matse, murya ta ɗauke. Ba fantsama, ba ɗaga hannu. Abin da za ki gani, in kina kallo, yaro ne shiru, kai a karkace baya, ko fuska a kife kamar mai leƙen wani abu a ƙasa. Cikin daƙiƙa 20 zuwa minti 1 ya nutse. Daga minti 4 zuwa 6 babu iska, ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 'yan shekara 1 zuwa 4 a sahun gaba cikin masu mutuwa ta hanyar nutsewa. Ba sai ruwa mai zurfi ba: kan ƙaramin yaro yana da nauyi idan aka kwatanta da girman jikinsa, in igiyar ruwa ta kifar da shi, ruwan da bai wuce idon sawu ba ya isa.

Yawanku ma bai ba ni kwanciyar hankali ba. Inda manya suka yi yawa, kowa yana zaton wani ne ke kallo, sai a wayi gari ba mai kallo. Ku yi karɓa-karɓa: mutum ɗaya, minti 15, ba waya, ba hira, ba ɗaukar hoto, kuma yaron yana inda hannu zai kai gare shi ba tare da an taka ba. Mai sauka ya kira sunan mai karɓa, shi kuma ya amsa da baki. Kada a ba wa yaro ɗan'uwansa wannan aiki.

Robar da kika saya kayan wasa ce, masu yin ta ma sukan rubuta hakan a jikinta. Takan sace, takan zame daga jiƙaƙƙen hannu, ba ta juyo da fuskar yaro sama, iska kuma tana tura ta cikin teku da shi a ciki. Babban aibinta shi ne tana sa manya su saki jiki. Ki nemi rigar ceto ta gaske daidai nauyinsa, mai tudu a bayan wuya da maɗauri tsakanin cinyoyi. Bayan kin ɗaure, ki ɗaga ta daga kafaɗu. In ta haura haɓarsa ko kunnuwansa, ta yi masa yawa. Ku zauna inda akwai masu aikin ceto, tsakanin tutoci masu ja da rawaya inda ake amfani da su. Jar tuta zalla tana nufin kada a shiga.

In abin ya faru, Allah ya kiyaye, nan ne 'yan "na sani" ke fitowa. Wannan ya ce a danna ciki, wancan ya ce a rataye shi ta ƙafa ruwa ya zubo, har bidiyo ake yaɗawa. Kada ki bari. Ruwan da ke zubowa daga tumbi yake fitowa, wanda ya shiga huhu ba ya fita da girgiza. Danna ciki amai yake jawowa, aman ya koma hanyar iska, ga mintunan da aka ɓata. Iska yaron yake nema. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, wani ya kira masu ceto. In ba ya numfashi, ki ɗan ɗaga haɓarsa, ki toshe hancinsa, ki hura masa iska a baki sau 5, kina ganin ƙirji yana tashi. Sai ki danna tsakiyar ƙirji da gindin tafin hannu ɗaya sau 30, zurfin kamar santimita 5, da saurin 100 zuwa 120 a minti, ki hura sau 2, ki ci gaba a haka har taimako ya iso. In yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi.

Duk yaron da aka tsamo sai an kai shi asibiti, ko da ya farfaɗo yana wasa. Wanda ruwa ya sarƙe shi kawai, ki sa masa ido na awa 8: tari mai naci, numfashi sama-sama, kasala ko sauyin launin leɓe, ku tafi nan take. A masauki kuma ki duba ko akwai wurin ninkaya, ki tabbatar ƙofar ɗakinku tana da sakata da hannunsa ba ya kaiwa, ki zubar da ruwan bokiti da na baho da zarar an gama wanka.