Gwaggon maigida za ta zo: me zan dafa, me zan haɗa na sha?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni amarya ce a Kano, ban daɗe da tarewa ba. Gwaggon maigidana, wadda ta riƙe shi tun yana yaro, za ta zo daga Katsina ta kwana a wurinmu, kuma wannan ne zuwanta na farko. Na shirya yin soyayyiyar shinkafa da kaza da salak, sannan in jera mata kunun aya da fura da nono da zoɓo. Wata ƙawata ta ce abin ya yi yawa, wata kuma ta ce in ƙara da taliya. Don Allah wane abinci ne ya dace, kuma da wane abin sha?

Amsa: Wa alaikumus salam, amarya. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki.

Ƙawarki ta farko ta fi gaskiya. Dattijuwar da ta raini mutum ba yawan kwanuka za ta ƙirga ba. Abin da za ta duba shi ne ko hannunki ya faɗa a girki, ko ɗanta yana cin abinci mai kyau. Wannan kuwa a tuwo da miya ake gane shi, don soyayyiyar shinkafa kowa ya san ta gidan biki ce. Shawarata ki yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ki haɗa da zoɓo. Abinci ɗaya, abin sha ɗaya, ki ba su haƙƙinsu.

Ga dalili. Miyar taushe miya ce mai nauyi: ga kabewa mai zaƙi-zaƙi, ga markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ga manja, ga romon ƙashi mai ɓargo ko tantaƙwashi. Bayan loma huɗu ko biyar maiƙo yana kwanta wa mutum a harshe. Abin da ake so a lokacin shi ne abu mai ɗan tsami da zai wanke baki, ya dawo da sha'awar loma ta gaba, kuma aikin zoɓo ke nan. Idan kika ɗora kunun aya ko fura a kan irin wannan miya, kin haɗa nauyi da nauyi, Gwaggo za ta tsame hannu tun ba ta ci rabin malmala ba, ke kuma ki shiga tunanin ko girkin ne bai yi ba.

Akwai wani abu da mata da yawa ba sa lura da shi. Yakuwar da ake sa wa a taushe da zoɓon da ake sha duk tsiro ɗaya ne: ganyen shi ne yakuwa, jan ɓawon da ke riƙe da furen shi ne zoɓo. Saboda haka tsaminsu iri ɗaya ne. Idan kika cika yakuwa a miya sannan kika kawo zoɓo mai tsami, haƙoran baƙuwa za su mutu. Ki bar alayyafo ya rinjaya, yakuwar ta zama ɗan kaɗan, a ji ƙamshinta kawai. In kuwa kin san mutanen gidansu masu son taushe mai tsami ne, to ki bar yakuwar yadda suke so, ki canja abin sha zuwa lemon citta da abarba.

Shi zoɓon, ki wanke shi da kyau don yana zuwa da yashi. Kofi 2 na busasshe ya ishi ruwa lita 3. Ki zuba ɗanyar citta da kika daka, kanumfari ƙwara 5 ko 6, da ɓawon abarba da aka wanke tas, ki bar shi ya tafasa kamar minti 20. Kada ki cika kanumfari, yana danne komai har zoɓon ya koma kamar magani. Ki tace da rariya mai laushi, ki sa sukari tun da ɗuminsa don ya narke, amma ki rage hannu, ki ajiye wani sukarin a ɗan kofi a gefen tire. Na'a-na'a sai ya huce ake jefa ta. Waɗannan garin ɗanɗanon na leda da ake zuba wa zoɓo yanzu, ni ban ga amfaninsu ba idan akwai abarba ta gaske a kasuwa.

Kafin ki je cefane, ki tambayi maigidanki ko wata ƙanwarsa lafiyar Gwaggo. Wannan ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Idan tana da ciwon suga, ki ware mata zoɓo marar sukari, ki kuma rage girman malmala. Idan hawan jini ne, ki sassauta gishiri da magi, ki ƙara daddawa ta riƙe ɗanɗano. Sannan ki sani zoɓo da kansa yana ɗan saukar da hawan jini, don haka mai shan magani kofi ɗaya ya ishe ta. Idan kuwa gyambon ciki ne ke damunta, tsami da attaruhu duk ba nata ba ne, sai ki bar zoɓon gaba ɗaya, ki ajiye yaji daban a ɗan kwano. Dattawa da yawa kuma ba sa son abu mai ƙanƙara, musamman da hunturu, don haka ki kai shi da sanyi madaidaici, ƙanƙarar a gefe.

Kunun ayarki ba zai tafi a banza ba, lokacinsa ne daban. Shi abokin abu busasshe ne mai yaji: gasasshiyar kaza, tsire, balangu, dambun nama. Aya tana da mai a jikinta, shi ya sa take kwantar da zafin barkono, abin da lemon kwalba mai gas ba ya yi. Kazar nan da za ki saya, ki gasa ta da yajin ƙuli ki kai bayan isha'i da kunun aya mai dabino da kwakwa, lokacin da suke hira da ɗanta. Sai dai ki markaɗa shi ranar, kusa da lokacin sha, don ba ya jure zafi: in babu wuta, cikin sa'o'i kaɗan zai yi tsami ya fara yauƙi. Fura da nono kuwa abinci ce mai zaman kanta. Ki bar ta sai washegari da hantsi ko bayan azahar, kuma ki tuna daga Katsina baƙuwarki take, ta san fura mai kyau. In ba ki da inda za ki samu kindirmo na gaske, gara ki haƙura da ita.

Da ta sauka, ruwa za ki fara kai mata, ki nuna mata inda za ta yi alwala ta yi salla, ta ɗan miƙe ƙafa. Sai ki kawo abincin a kula, da buta da robar wanke hannu, ki durƙusa ki ce, "Gwaggo, ga abinci." Ki zuba mata na farko, ki tsiyaya zoɓon a kofin gilas don a ga launinsa, sannan ki ba ta wuri. Surukai ba sa sakewa su ci idan amarya ta tsaya a kansu, ke ma kin san kunyar da ke tsakani.

Da safe kunun gyaɗa mai ɗumi da ƙosai ya wadatar. In kina son yin waina, ki jiƙa shinkafar tun da dare ki ba ƙullin lokaci ya tashi, sai ki ɗumama ragowar taushen ki haɗa da ita.