Karen da ya ƙi cin abinci: amsar tambayar ɗalibina

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya kamata ka yi idan mutum ya kawo maka karensa asibitin dabbobi hankali a tashe, ya ce yau kwana biyu ke nan bai sa komai a bakinsa ba, ya kuma nace sai an yi masa allurar da za ta sa ya ci abinci. Ka ce a ganinka babu laifi a yi allurar, tunda ko ba komai mai karen zai sami natsuwa. Amsata ita ce kada ka yi, sai bayan ka duba dabbar tun daga hanci har wutsiya. Ƙin cin abinci alama ce da cututtuka masu yawan gaske suka yi tarayya a kanta, daga haƙori guda da ya ruɓe har zuwa ƙodar da ta kusa daina aiki, kuma aikinmu shi ne gano wadda ke gabanmu. Allurar da ake yawan ɗauka don wannan buƙata, wato dangin dexamethasone, tana iya sa kare ya ci abinci washegari, ta kuma sauke masa zazzaɓi, alhali cutar na nan tana ci gaba da ɓarnarta, ga shi kuma an raunana garkuwar jikin da ke yaƙi da ita. Mai karen zai tafi yana godiya, ya dawo bayan 'yan kwanaki da dabbar da ta fi da galabaita, kai kuma ka rasa alamun da za su nuna maka hanya.

Abin da nake fara yi, tun kafin in taɓa karen, shi ne in ajiye masa abinci mai ƙamshi a gabansa, in ja da baya in zuba ido, domin gani ya kori ji. Karnukan da aka ce sun ƙi abinci kashi biyu ne. Akwai wanda zai taho da sauri, ya shinshina, ya ɗauki loma, sannan ya sake ta ta faɗi, ko ya karkata kai yana tauna da gefe guda, ko ya yi ƙara ya ja da baya. Wannan yana son ci, iyawa ne ba ya yi, kuma matsalarsa tana baki, ko muƙamuƙi, ko maƙogwaro. Akwai kuma wanda zai kau da kai, ya riƙa lasar leɓe yana haɗiyar miyau, ko ya tashi ya bar wurin. Wannan tashin zuciya ko ciwon cikin jiki ne ya kashe masa sha'awar abincin. Wannan rarrabewa ba ta cin minti biyu, amma tana rage maka rabin aikin.

Idan na farkon ne, ka duba haƙoran da suka karye ko suke girgiɗa, da kumburin dasashi, da gyambo a harshe. Ka kuma ɗaga kai ka leƙa ganɗa, domin guntun kara ko ƙashi yakan gitta tsakanin haƙoran sama ya maƙale a can, kuma wanda bai saba ba yakan duba bakin gaba ɗaya bai gan shi ba. Wani lokaci zare ko igiya kan naɗe a gindin harshe, sauran ya zarce cikin hanji. Idan ka ga haka kada ka ja, domin ja na iya yanka hanjin, aikin tiyata ne. Ɗan kwikwiyo mai wata 3 zuwa 6 yana sauya haƙoransa 28 na yarinta da 42 na girma, saboda haka yakan ɗan yi nauyin baki a wannan lokaci, amma famfarar haƙori ba ta sa kwikwiyo ya kwanta ya kasa tashi.

A nan ne zan ja maka kunne da babbar murya. Kare mai dalalar miyau, wanda muƙamuƙinsa ya saki, wanda ba ya iya haɗiya, kuma mai shi ya rantse cewa ƙashi ne ya tsaya masa a wuya, kada ka kuskura ka zura hannu a bakinsa. Haka ɗaya daga cikin fuskokin ciwon haukan kare ke bayyana, ba tare da cizo ko zabura ba, sai shanyewar maƙogwaro da wani irin sanyin hali da ba a san karen da shi ba. Ka tambaya ko an yi masa rigakafin hauka, ko wani kare ya cije shi a makonni ko watannin baya, ko muryarsa ta sauya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutane wajen 59,000 a kowace shekara, kuma kusan dukkansu daga kare suka ɗauka. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira. Idan ka yi shakka, ka killace karen, ka sa safar hannu, ka sanar da hukumar da abin ya shafa. Duk wanda yawun karen ya taɓa masa rauni ko ido, ya wanke wurin nan take, rauni da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran kwana 10 da ake sa wa kare ido.

Idan kuwa na biyun ne, wato wanda ya kau da kai daga abincin, sai ka koma ga mai karen, kuma a nan damuwarsa za ta yi maka amfani, domin mutumin da ya damu shi ne wanda ya lura. Kada ka tambaye shi ko karen na cin abinci, ya riga ya faɗa maka. Ka tambaye shi yaushe ya ci na ƙarshe, me ya ci, yana shan ruwa ko a'a, ya yi amai, yaya kashinsa da launin fitsarinsa, akwai maganin ɓera a gidan, akwai wani abin wasa ko tsumma da ya ɓace. Ka kuma tambaye shi a hankali, ba da sigar tuhuma ba, wane magani ya riga ya ba shi, domin da yawa sukan ba da paracetamol ko ibuprofen ko diclofenac da kyakkyawar niyya, sannan kunya ta hana su faɗa. Ibuprofen da diclofenac na huda tumbin kare su lalata ƙoda, paracetamol kuma idan ya yi yawa yana cin hanta. Shi kuwa maganin ɓera mai hana jini daskarewa ba ya nuna kansa sai bayan kwana 3 zuwa 5, lokacin da mai gida ya manta ya ajiye shi, kuma makarinsa bitamin K1 ne na tsawon makonni.

Akwai dalilan da ba su da haɗari, kuma ba zan daɗe a kansu ba: tsananin zafin rana, sauyin gida ko na abinci, kwana ɗaya ko biyu bayan allurar rigakafi, namijin da ya jiyo ƙamshin karya mai neman barbara, da karya mai ciki da ta ƙi abinci ana gobe za ta haihu. Amma ba ka da ikon cewa ɗaya daga cikin waɗannan ne sai ka gama gwajin jiki ka ga komai daidai.

Gwajin kuwa da ma'aunin zafi ake fara shi, ta dubura. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39.2, kuma tsoron asibiti kaɗai na iya ɗaga shi kaɗan, amma abin da ya haura 39.5 zazzaɓi ne. Masu koyo sukan firgita da zazzaɓi su yi sakaci da sanyi, alhali kare mara lafiya da zafinsa ya faɗi ƙasa da 37.5 ya fi mai zazzaɓi kusa da mutuwa. Daga nan ka ɗaga leɓe ka dubi dasashi, wanda a wurina ya fi kowace gaɓa faɗin gaskiya. Ya kamata ya kasance ja-ja mai danshi, idan ka danna da yatsa ya yi fari, launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. Fari fat yana nufin jini ya ƙare ko yana zuba a wani wuri. Rawaya na nufin shawara, ko dai daga hanta ko daga fashewar jajayen ƙwayoyin jini. Ɗigo-ɗigon jini a kansa na nufin jinin ba ya daskarewa. Bushewa da yauƙi kuma ƙarancin ruwa ne. Ka tsunkuli fatar da ke tsakanin kafaɗu ka saki, idan ta yi jinkirin kwanciya to karen ya rasa aƙalla kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a ruwa, idan kuma ta tsaya cak ga idanu sun zurma, ya kusa kashi 10 ko ya wuce. Sai dai fatar tsohon kare ramamme takan tsaya ko da ruwa a jikinsa, ta mai ƙiba kuma takan kwanta ko da ya bushe, saboda haka kada ka dogara da ita kaɗai. A ƙarshe ka lallatsa cikin da hannu biyu a hankali, kana kallon fuskarsa.

Shekarun kare da jinsinsa su ne za su gaya maka inda za ka fi kai zargi. Ɗan kwikwiyo mai mako 6 zuwa wata 6 da bai kammala rigakafi ba, ya ƙi abinci yau, ya yi amai gobe, ka ɗauke shi a matsayin mai cutar parvo har sai gwaji ya wanke shi, kada ka jira zawon jini mai ɗoyin nan, domin shi yakan zo daga baya. Wannan ƙwayar cuta, wadda ta bazu a duniya a 1978, tana saɓule fatar cikin hanji, tana kuma cin ɓargo inda ake ƙera fararen ƙwayoyin jini, wato tana buɗe wa ƙwayoyin cutar hanji ƙofa sannan ta kashe masu gadi. Babu allurar da muke dogara da ita ta kashe ta. Ƙarin ruwa ta jijiya, da maganin tsai da amai, da maganin kashe ƙwayoyin cutar hanjin da aka buɗe wa ƙofa, da ɗumi, su ne ke riƙe ran kwikwiyon har jikinsa ya yi nasara. Ka ware shi, ka wanke inda ya kwanta da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 30, domin ƙwayar na rayuwa watanni a ƙasa. Kwikwiyo mai farin dasashi da baƙin kashi kuwa, ka nemi tsutsar da ke maƙalewa a hanji tana shan jini.

Babban kare mai zazzaɓi, ka laluba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa ka nemi kaska, ka kuma ɗauki jini ka duba, domin kaska na ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Babesia mai fasa jajayen ƙwayoyin jini har fitsari ya yi duhu, da Ehrlichia mai sa haɓo, wadda maganinta doxycycline ne na kwana 28, ba na kwana biyar ba. Karyar da ba a cire wa mahaifa ba, wadda ta gama lokacin barbara wata ɗaya ko biyu da suka wuce, ta ƙi abinci tana ta kwankwaɗar ruwa, ka zargi mugunya a mahaifa ko da ba ka ga komai na fita ba. Wadda bakin mahaifarta ya rufe ta fi haɗari, kuma tiyata ce maganinta. Tsohon kare da ke ramewa, yana yawan sha da fitsari, bakinsa na wari, ka gwada ƙoda da suga. Babban kare mai zurfin ƙirji da cikinsa ya kumbura kamar ganga, yana kakarin amai ba abin da ke fita, tumbinsa ne ya murɗe, kuma awoyi kaɗan gare ka.

Game da tsawon lokacin da za a iya jira, babban kare da ya tsallake abincin yini guda amma yana shan ruwa, yana wasa, ba ya amai, ana iya sa masa ido awa 24. Wanda ya kai kwana biyu, kamar wanda ka ambata, ya wuce jira. Ƙaramin kwikwiyo kuwa awa 12 ma ta yi masa yawa, domin sugan jininsa na faɗuwa da wuri. Idan ya fara layi ko rawar jiki, ka shafa masa ruwan suga a dasashi kafin ka sa masa ƙarin ruwa. Ruwa ya fi abinci gaggawa a kowane hali. Kare na buƙatar kimanin mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, wato mai kilo 20 zai sha lita guda da ɗan ɗori, ban da abin da amai da zawo suka kwashe.

Saura batun ciyarwa, wanda shi ne ainihin abin da ke ran mai karen. Ka hana shi ɗure. Abincin da aka tura da ƙarfi a bakin kare mai tashin zuciya na iya faɗawa huhu ya haifar da nimoniya, kuma karen kan tsani wannan abincin ko bayan ya warke. A fara kashe tashin zuciya da ciwo, a mayar da ruwa, sannan a gwada abinci mai laushi mara maiƙo, a ɗan ɗumama shi don ƙamshinsa ya tashi, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, a wuri mara hayaniya, daga hannun wanda ya saba da shi. Kada a sa albasa ko tafarnuwa don ƙamshi, domin suna fasa masa jajayen ƙwayoyin jini. Wanda ya yi kwanaki bai ci ba, a fara masa da kashi ɗaya cikin uku na abincin yini, a ƙara a hankali cikin kwana uku. Idan an kai kwana 3 zuwa 5 babu ci duk da magani, bututun ciyarwa ta hanci ya fi roƙo da lallashi. Idan ka sallami karen zuwa gida, ka sa mai shi ya auna ruwan da yake zuba masa, ya rubuta kowane amai da kashi da lokacinsa, ka koya masa ɗaga leɓe ya dubi dasashi safe da yamma, ka kuma gaya masa cewa farin dasashi, ko jini a amai ko kashi, ko kumburin ciki, ko kasa tashi, na nufin ya dawo da shi nan take ko da tsakar dare ne.