Kafin ka yanka tagulla, zauna mu yi maganar awo

Ka aiko mini da saƙo jiya da daddare, ka ce ka tsinci ƙaramin kan jirgin ƙasa a cikin kayan gwanjo, an rubuta HO a ƙarƙashinsa, kana so ka cire bodinsa ka ɗora masa irin na jiragen kwal ɗinmu na da. Ka tambaye ni wane fenti za ka saya, sannan can ƙarshe ka maƙala cewa ko bodin ma a kan awon HO ɗin za ka yanka shi. Da fentin kaɗai ka tambaya, yaro, da ban tanka maka ba. Wanda ya shekara biyu a shagona bai kamata ya tambayi yadda ake wanke ƙarfe a shafa masa fenti ba. Tambayar da ka raina ɗin nan, ta awo, ita ce ta hana ni barci, don a kanta na taɓa yin asarar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Buɗe kunnenka. HO na nufin an rage jirgin gaske sau 87, kuma faɗin dogonsa milimita 16.5 ne. Turawa sun yi lissafinsu ne a kan babban dogo mai milimita 1,435, irin wanda aka shimfiɗa tsakanin Abuja da Kaduna aka buɗe a 2016. Raba 1,435 gida 87, za ka ga ya faɗo daidai. Amma tsohon dogonmu, wanda ya taso daga Baro ya iso Kano a 1911, ba haka yake ba. Faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067. In ka nace sai ka yi jirginmu a kan sau 87, to dogon da za ka nema mai milimita 12 ne, kuma wannan firam ɗin da ka sayo ba zai hau shi ba. In kuwa dogon 16.5 za ka riƙe, wanda shi ne ake samu cikin sauƙi, to bodin sai ka rage shi sau 64. Raba 1,067 gida 64 da kanka ka gani. Mutanen New Zealand, da dogonsu ya zo ɗaya da tsohon namu, haka da yawansu suke yi. Jirginmu ƙato ne a kan siririn dogo, kafaɗunsa sun fi ƙafafunsa faɗi nesa ba kusa ba, kuma wannan tsayuwar ita ce kamanninsa. Ka yi shi a 87 a kan dogon 16.5, za ka samu jirgi mai buɗaɗɗun ƙafafu kamar kwaɗo, duk tsohon ma'aikacin reluwe da ya kalle shi zai kau da kai.

Ni na san wannan tun kafin a haife ka. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fita ne, wato makanikin jirgi, a loko, wajen gyaran jiragen ƙasa a Zariya, a ƙarƙashin waɗannan jiragen na girma. To amma sanin abu daban, sa mai kuɗi ya amince da shi a rubuce daban.

Wani ɗan kwangila ne ya zo mini, da babbar riga da mota mai sanyi, ya ce an ba shi aikin shirya rumfa a wani baje koli, yana son ƙaramin jirgi da zai riƙa zagayawa a kan tebur mutane na kallo. Ya ce shi jirgin kwal na gida yake so, ba na Turai ba. Na ji daɗi ƙwarai, don na daɗe ina neman wanda zai sa ni in yi irin waɗanda ake kira River, waɗanda aka fara kawo mana daga Ingila a 1948 aka raɗa musu sunayen koguna. Ƙananan tayoyi biyu a gaba, manya takwas a tsakiya, biyu a baya. Na zaunar da shi a kan bencin nan da kake zama, na ɗauko takardar siminti na zana masa duk abin da na faɗa maka yanzu. Na ce Alhaji, sau 64 zan yi shi, taragun ma ni zan yi su a kan wannan awon. Ya ce taragu ba damuwa, yana da wanda zai kawo masa, ni dai in yi kan. Na sake cewa to a gaya wa mai kawowar sau 64. Ya ce, kai ne gwani, yadda ka ga ya dace. Ya ajiye kashi ɗaya cikin uku na kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Ban rubuta ba, ban kira shaida ba. Na ga furfura a gemunsa na ce wannan ya wuce a yi masa takarda.

Wata huɗu na yi a kan jirgin nan. Na mayar da ayyuka uku da suka zo mini a lokacin, ciki har da na wata makaranta da ke biya lakadan. Tagullar da kuɗina na ƙara na saya. Tukunyar sau biyu ina naɗe ta, don ta farko ta ɗan karkace a gindin bututun hayaƙi, karkacewar da ba mai gani sai ni, na jefar da ita. Kawunan ƙusoshin jikin tankin ruwa ɗaya bayan ɗaya na buga su daga ciki da tsinken ƙarfe, ina ƙirgawa daga wani tsohon hoto da na aro wurin abokin mahaifina. Idona na hagu tun daga wannan aikin bai koma daidai ba. Ranar da na ɗora shi a dogo na ba shi wuta ya tashi a hankali, sandunan gefensa na kai da komo babu ko tangarɗa, wani tsohon direba da ke maƙwabtaka da mu ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce saura ƙamshin kwal kawai.

Saura kwana shida a buɗe baje kolin sai ga mutumin nan da kwalaye. Taragun roba ne ɗansa ya sayo masa a Landan, na awon OO, wanda Ingilawa ke ragewa sau 76 su ɗora a kan dogon 16.5 ɗin nan dai. Dogo ɗaya, awo daban. Aka jera su a bayan jirgina, suka hau dogon lafiya lau, amma kai ka ce raƙumi ne ya ja 'yan awaki. Ko maƙalar da ke haɗa su ba ta zo tsayi ɗaya ba. Nan take ya ɗaga murya a gaban yarana, wai na yi masa jirgi ya yi girma, wai kayan Ingila ba sa ƙarya, ni ne ban iya awo ba. Ni! Na ce Alhaji, a kan bencin nan na faɗa maka sau 64. Ya ce shi bai san wannan zancen ba, in nuna masa inda aka rubuta. Takardar simintin kuwa tuni an hura wuta da ita.

Na haɗiye fushi na ce a ba ni kwana biyar in yi masa taragu biyu na langa-langa a kan awon da ya dace, ko barci ba zan yi ba. Ya ce ba shi da lokaci, zai tafi da kan ya nuna wa waɗanda suka ba shi aikin, in sun karɓa zai aiko da cikon. Na bar shi ya ɗauka. Wannan ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko ciwo. Na yi sintiri ofishinsa har masu gadi suka san ni, kullum ya yi tafiya. Daga baya wani yarona ya je baje kolin ya dawo ya ce ya ga jirgin a cikin akwatin gilashi shi kaɗai, ba taragu, manyan mutane na ɗaukar hoto da shi, an kuma manna takarda a gindinsa cewa daga waje aka yi odarsa. Kuɗin da ya cinye bai ƙona mini rai kamar wannan takardar ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Shi ya sa in na ga kuna ɗaukar aiki ta waya, a turo muku hoto ku ce an gama, sai in rasa abin faɗa. Ku 'yan yanzu fenti kuke so, don shi ne ke fita a hoto. Ku kalli bidiyon minti biyar ku ce kun iya. Ba wanda ke son ya zauna da magagari ya goge ƙarfe ɗaya har la'asar. Ranar nan na ce wa ɗayanku ya raba lamba gida 64, sai ya tsaya neman wanda zai ara masa caja.

Yanzu ga abin da za ka yi da naka. Kifa shi ka duba cikinsa. In ka ga wani dogon ƙarfe kamar cokali a tsakanin tayoyin, to na Märklin ne na Jamus, wutarsa daban, daga tsakiyar dogo yake ɗaukarta, kuma tayoyinsa za su haɗa maka waya a kan dogonmu mai layi biyu. Irin wannan ka ajiye shi don ado. In babu, ƙirga manyan tayoyin, sai sun kai takwas. Sannan ka auna tsayin ɗaya. Tayar River ƙafa huɗu ce, a sau 64 ta zama milimita 19. In taka ta kai 18 da ɗoriya, na yarda, ido ba zai kama ba. In ta gaza haka ka nemi wani jirgin da za ka kwaikwaya, kada ka ƙaƙaba masa sunan da ba nasa ba. Auna kuma tazarar da ke tsakanin bayan taya da bayan 'yar uwarta, ta tsaya wajen milimita 14.5, in ba haka ba duk mahaɗar dogo da ya zo sai ya sauka.

Kada ka kuskura ka zare tayoyin daga sandarsu don wai za ka wanke. Hannun dama da na hagu an saita su ne da bambancin kwata ɗin zagaye, digiri 90, in ɗaya ta goce ko kaɗan jirgin zai riƙa ɗingishi ko ya cije gaba ɗaya, kuma hannunka bai kai na mayar da su ba tukuna. Maganar soda kuwa, wato dalmar liƙa ƙarfe, ka sha gani ina yi: mai narkewa a zafin digiri 188 a manyan gaɓoɓi, mai 145 a kan ƙananan kaya, mai 70 in farar dalma za ka liƙa. Ka juya tsarin, ka ga abin da ka liƙa da safe yana zubewa da yamma. Sauran, yankan bodi da naɗe tukunya da su sanfefa, ba zan ɓata bakina a kansu ba.

Abu ɗaya ban ji ka faɗa ba: na wane ne jirgin? In naka ne, to. In wani ne ya sa ka, kada ka taɓa almakashi sai ya zo shago da ƙafarsa, an rubuta sau 64 da dogon 16.5 da wanda zai yi taragu, ya sa hannu a gabana, ya ajiye rabin kuɗi. Kuma ba ya fita ƙofar nan sai ciko ya shigo, ko da kawunka ne.

Gobe bayan sallar asuba ka zo da shi a cikin kwalinsa, ka taho da ma'auni da fensir. Fentin kada ka saya tukuna.